Tarihin Cin Rani da Ƙwadagon Baƙin Haure Tsakanin Chadi da Najeriya

Farcha unguwa ce a yammacin birnin N'Djamena, a gaɓar kogin Shari, ƙasa kaɗan da mahaɗarsa da kogin Logon, kuma duk wanda ya tsaya a bakin ruwanta yana hango ƙasar Kamaru a tsallake. A cikinta ne babbar mayankar dabbobi ta ƙasar Chadi take, tare da tsohuwar cibiyar binciken cututtukan dabbobi da wasu masana'antu, shi ya sa tarihinta ya sarƙe da tarihin hanyar da ta tashi daga N'Djamena ta bi ta Kusiri da Fotokol da Gamboru-Ngala da Dikwa ta faɗa Maiduguri, tafiyar kimanin kilomita 250. A kan wannan hanya ne dabbobi da haja da 'yan ƙwadago suka shekara fiye da ɗari suna kai da kawo tsakanin Chadi da Najeriya. Kalmomi biyu ne ginshiƙin wannan tarihi. Ta farko ita ce cin rani, wato barin gida bayan an kawar da amfanin gona domin neman kuɗi a wani gari har damina ta kawo jiki. Ta biyu ita ce baƙin haure, sunan da ake kiran waɗanda suka shiga wata ƙasa, ko suka zauna suna aiki a cikinta, ba tare da takardun da hukumarta ta shar'anta ba. Ta farkon ta girmi ta biyun da ƙarnuka, domin mutane sun riga iyaka zuwa wannan yanki.

Kafin a shata iyaka

Masu ba da labarin gargajiya a Borno suna cewa gidan sarautar Saifawa ya samo asali ne daga Saifu ɗan Zi Yazan, wani gwarzo na ƙasar Yaman, kamar yadda ake cewa Bayajida ya yada zango a Borno kafin ya isa Daura. Waɗannan zantuka ne na kunne ya girmi kaka, ba su da wata rubutacciyar shaida ta zamaninsu. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne cewa Saifawa sun mulki Kanem, gabas da Tafkin Chadi, har zuwa ƙarshen ƙarni na 14, lokacin da yaƙin Bulala ya tilasta musu ƙaura zuwa yammacin tafkin, inda Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu a wajejen 1470. Ke nan ƙasar da yau take cikin Chadi da wadda take cikin jihar Borno sun daɗe a ƙarƙashin tuta ɗaya, kuma Barebari da Kanembu da Larabawan Shuwa da Buduma da Kotoko suna zaune a ɓangarorin biyu tun kafin a san sunan Chadi ko Najeriya.

Fatauci da aikin hajji su ne suka jawo Hausawa cikin wannan zirga-zirga. Fatake suna kai tufafin Kano da goro gabas, suna dawowa da kanwa da dabbobi, maniyyata kuma suna bin hanyar ƙasa ta Borno da Bagirmi da Wadai da Darfur, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago a duk inda guzuri ya yanke, har tafiyar takan ci shekaru, wasu ma su kafa zango su zauna ke nan. Rabe ɗan Fadlallah ya ci Borno a 1893 ya mai da Dikwa hedikwatarsa, kuma daularsa ta haɗe yankin da ƙarfin bindiga har zuwa 22 ga Afrilu 1900, ranar da Faransawa suka kashe shi a yaƙin Kusiri, inda shi ma kwamandansu Lamy ya mutu. A watan Mayu na shekarar Émile Gentil ya kafa sansani a tsallaken kogi ya sa masa suna Fort-Lamy, wanda Hausawa suka riƙa kira Fallomi, shi ne garin da aka sauya wa suna zuwa N'Djamena a 1973. Bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda a cikinsa Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ayarin masu hijira daga daular Sakkwato ya ƙara yawan masu ratsa wannan ƙasa zuwa Sudan.

Zamanin Turawa, 1900 zuwa 1960

Ingila da Faransa da Jamus sun raba tafkin da kewayensa a kan takarda, ta yadda iyakar Chadi da Najeriya, wadda ba ta kai kilomita 100 ba, ta faɗa cikin ruwan tafkin gaba ɗaya, sannan wani siririn yanki na arewacin Kamaru ya shiga tsakanin Fort-Lamy da Borno. Daga nan ne bambancin mulkin Faransa da na Ingila ya fara tura mutane yamma. Faransa ta ɗora wa talakawan Chadi harajin kai da aikin tilas, ta kwashi dubban 'yan ƙabilar Sara daga kudu zuwa aikin shimfiɗa layin dogo na Kongo tsakanin 1921 da 1934, inda dubbai suka halaka saboda yunwa da cuta da wahalar aiki, sannan daga 1928 ta wajabta noman auduga a kudancin ƙasar bisa farashin da kamfani ya yanke. Ba a soke aikin tilas a ƙasashen rainon Faransa ba sai a 1946. A ɗaya ɓangaren kuwa, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, ma'adinan kuza na Jos suna neman leburori, don haka wanda ya gudu daga aikin da ba lada yana iya samun aikin da ake biya da sulalla, ko da yake ita ma Najeriya ta yi nata ɗibar gwamna zuwa haƙar kuza a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Sakamakon wannan ƙaura ya bambanta a ƙasashen biyu. Najeriya ta sami hannayen aiki masu araha waɗanda ba ita ta raine su ba, kuma ba ta ɗaukar nauyinsu idan sun tsufa ko sun yi rashin lafiya, domin gida suke komawa. Chadi kuwa ta rasa majiya ƙarfi a ƙauyuka da masu biyan haraji, amma kuɗin da 'yan ci-rani suke dawowa da shi ne yake biya wa iyalai da yawa harajin nan, ya sayi sutura, ya yi sadaki. Haka nan shanun Chadi suka kama hanyar kasuwannin Najeriya, inda masu cin nama suke da yawa kuma farashi ya fi tsoka.

A nan ne Farcha ta shigo cikin labarin. A farkon shekarun 1950 Faransawa suka kafa cibiyar binciken dabbobi a unguwar, wadda ta shahara wajen haɗa rigakafin bushiya, wato annobar da take ƙarar da garken shanu, sannan a 1958 aka buɗe mayanka mai ɗakunan sanyi. Manufar ita ce a yanka dabbar a cikin Chadi, a ɗauki naman a jirgin sama zuwa Brazabil da sauran biranen rainon Faransa na tsakiyar Afirka, domin ladan fiɗa da kuɗin fata da harajin fitarwa su zauna a gida. Sai dai tsadar jigilar sama ta taƙaita wannan ciniki, kuma mafi yawan shanun da ake fitarwa sun ci gaba da tafiya da ƙafafunsu zuwa Najeriya, a hannun masu kora waɗanda akasarinsu ba su taɓa riƙe fasfo ba.

'Yancin kai, fari da arzikin mai, 1960 zuwa 1982

Chadi ta sami 'yancin kai a ranar 11 ga Agusta 1960, Najeriya a ranar 1 ga Oktoba, kuma a 1964 ƙasashen biyu tare da Nijar da Kamaru suka kafa Hukumar Raya Tafkin Chadi a Fort-Lamy. A shekarar ne kuma layin dogo ya isa Maiduguri, abin da ya sa garin ya zama tashar da Chadi, wadda ba ta da teku, take dogaro da ita wajen shigo da kaya. Amma tafiyar ƙasashen ta rabu da wuri. Boren manoman Mangalme kan haraji a 1965 da kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a 1966 sun jefa Chadi cikin yaƙin basasa, farin da ya tsananta a 1973 ya kashe dabbobi ya kori makiyaya daga Kanem da Bata, a daidai lokacin da farashin mai ya ninka a kasuwar duniya, Najeriya ta cika da kwangilar gine-gine, naira kuma ta yi ƙarfin da ya sa ladan leburanci na wata guda a Kano ko Legas yake riƙe gida a Chadi tsawon lokaci.

Ayyukan da mutanen Chadi suka kama a biranen Najeriya sanannu ne: gadin gidaje da shaguna, dako a kasuwa, leburancin gini, ga-ruwa, kiwon shanun attajirai, da aikin gona a kewayen tafki. Mai shigowa yakan sauka ne wurin ɗan garinsu da ya riga shi, shi ne zai tsaya masa wajen mai ba da aiki, kuma amanar wannan mutum ita ce takardar shaidarsa. Da yaƙi ya ɓarke a cikin N'Djamena kanta a Fabrairu 1979, Najeriya ta tara shugabannin ɓangarorin a Kano a watan Maris, sannan a Legas a watan Agusta, amma faɗan da ya sake tashi tsakanin Goukouni Oueddei da Hissène Habré daga Maris zuwa Disamba 1980 ya kusan kwashe mutanen birnin kaf, suka tsallaka kogi zuwa Kusiri, da yawa kuma suka zarce Maiduguri da Kano. Daga wannan lokaci ya zama da wuya a bambance ɗan gudun hijira da ɗan ci-rani, domin wanda ya gudo don tsira da rai dole ne gobe ya fita neman abin da zai ci.

Wata shari'a ta wannan zamani ta nuna yadda tantance ɗan ƙasa yake da wuya a yankin da aure da zumunci suka ratsa iyaka. A Janairu 1980 gwamnatin tarayyar Najeriya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno kuma jigo a jam'iyyar adawa ta GNPP, ta fitar da shi zuwa Chadi bisa zargin cewa mahaifinsa mutumin can ne. Babbar kotun Maiduguri ta soke korar, ta tabbatar da cewa ɗan Najeriya ne, ya dawo kan kujerarsa. Idan mai riƙe da irin wannan muƙami zai iya kwana ɗan ƙasa ya wayi gari baƙo, to halin da maigadi ko ɗan dako yake ciki ba ya buƙatar dogon bayani. Tarzomar Maitatsine ta Kano a Disamba 1980, wadda ta ci rayuka fiye da 4,000, da ta Bulumkutu a Maiduguri a 1982, sun ƙara shafa wa baƙi baƙin jini, domin jagoranta Muhammadu Marwa ɗan asalin Kamaru ne, kuma an sami 'yan ƙasashen maƙwabta cikin mabiyansa.

Kora da rufe iyaka, 1983 zuwa 1986

Da farashin mai ya faɗi, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata, zaɓe kuma ya matso, sai a ranar 17 ga Janairu 1983 ministan harkokin cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice. An ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan biyu ne suka bar ƙasar, kimanin rabinsu 'yan Gana, 'yan Chadi kuma wajen 150,000. Matsayin 'yan Chadi ya fi na saura rauni, saboda ƙasarsu ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba 'yan ƙasashenta damar shiga na kwana 90, sannan gidan da aka ce su koma kango ne, wata bakwai kacal da Habré ya ƙwace N'Djamena. A watannin Afrilu da Mayu na shekarar sojojin ƙasashen biyu suka gwabza a kan tsibiran tafki. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Afrilu 1984, ta sauya takardun naira a cikin ɗan gajeren wa'adi, abin da ya mai da ajiyar da 'yan ci-rani da 'yan kasuwa suke riƙe da ita a waje takardar banza, sannan a 1985 ta sake ba baƙi kimanin 700,000 wa'adin fita. Ba a buɗe iyakokin ba sai a 1986, a zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Korar ba ta haifar da ayyukan da aka yi wa 'yan Najeriya alkawari ba, domin tushen matsalar faɗuwar kuɗin mai ne, kuma yawancin guraben da aka bari irin waɗanda ladansu ya yi ƙanƙanta ne. A Chadi kuwa masu dawowa sun tarar da farin 1984, ga kuɗin da suke aikowa ya yanke, ga bushiya da ta sake ɓulla a farkon shekarun 1980 ta yi wa garkuna ɓarna a ƙasashen biyu, saboda cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. Cikin 'yan shekaru da yawa daga waɗanda aka kora suka koma ta hanyoyin daji, sai dai yanzu tafiyar ta ƙara tsada, kuma ƙarin ya faɗa aljihun masu fiton mutane da masu karɓar na goro a shingaye.

Juyin akala, 1986 zuwa 2013

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, alhali sefa, kuɗin Chadi, tana ɗaure da kuɗin Faransa, don haka ladan aiki a Najeriya ya daina burge ɗan ci-rani kamar da, kayan Najeriya kuma suka yi araha ga mai riƙe da sefa. Karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994 ya rage tazarar, amma bai sauya alƙiblar ba. Fetur mai tallafi da sukari da atamfa da kayan roba da siminti suka riƙa kwarara zuwa N'Djamena, musamman bayan gina gadar N'Gueli a kan Logon a 1985, akasari ta hanyar fasa-ƙwauri, wanda ya sauƙaƙa wa talakan Chadi rayuwa, ya kuma hana ƙananan masana'antun ƙasar numfashi, yayin da baitulmalin Najeriya yake biyan tallafin man da ake ƙonawa a wata ƙasa.

A tafki kuwa 'yan Najeriya ne suka zama baƙin. Ruwan da faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980, masunta da manoma Hausawa da Barebari suka bi shi gabas, suka kafa tungaye a tsibiran Chadi da Kamaru, suna kai banda, wato kifin da aka ƙyafe, zuwa Doron Baga, daga nan a yi lodinsa zuwa kudancin Najeriya. Naira ta zama kuɗin ciniki a tsibirai da yawa na Chadi. Da Chadi ta fara fitar da man Doba a 2003 ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi, sannan ta buɗe matatar Djermaya a 2011, gine-gine suka bunƙasa a N'Djamena, kuma magina da makanikai da masu walda da masu sayar da kayan gyaran mota daga Najeriya suka sami kasuwa a can.

Cinikin shanu shi ne inda ake ganin yadda ribar take rabuwa. Attajiri yakan sayi dabbobi a kasuwannin Massakory ko Massaguet ko Dourbali ta hannun dillali, tare da mai lamuni wanda yake shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. Sai ya ɗauki masu kora bisa ladan tafiya guda, su bi da garken ta N'Gueli, su ratsa Kamaru da ƙafa zuwa Gamboru, inda fatoma, wato mai masaukin baƙin 'yan kasuwa, zai karɓe su ya nemo masu saye, a loda shanun a tirela zuwa Maiduguri ko Legas. Kuɗin da aka biya da naira ba safai yake bi ta banki ba: ko dai a ba 'yan canji, ko a sayi haja a komo da ita. Makiyayin Chadi ya sami kasuwa, baitulmalinta ya sami harajin abin da ya bi ta ƙofa kawai, amma aikin yanka da fiɗa da jima da dillancin nama, wanda aka gina mayankar Farcha domin a riƙe shi, a Najeriya ake yin sa.

Zamanin Boko Haram zuwa yau

Rikicin da ya tashi a Maiduguri a 2009 ya datse wannan hanya a 2014, lokacin da mayaƙan Boko Haram suka yi kisan gilla a Gamboru-Ngala a watan Mayu, suka kuma mamaye garin a watan Agusta. Harin Baga na Janairu 2015 ya tura dubban 'yan Najeriya tsallaken tafki, aka kafa musu sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola, kuma bayan hare-haren bam na 15 ga Yuni da 11 ga Yuli 2015 a N'Djamena, jami'an tsaro suka tsananta binciken baƙi, kamar yadda Najeriya ta yi wa 'yan Chadi shekara talatin kafin nan. Dole 'yan kasuwar shanu suka zagaya ta Nijar ko ta kudu zuwa Adamawa, tafiya ta ƙaru, dabbobi suka rame, farashi ya faɗi a Chadi ya tashi a Najeriya, a daidai lokacin da faɗuwar farashin mai ta 2014 ta tsayar da gine-ginen N'Djamena. Hana cinikin kifin tafki, da dakatar da wasu kasuwannin shanu a Borno a 2016 domin toshe hanyar kuɗin 'yan tayar da ƙayar baya, da rufe iyakokin Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, duk sun ƙara wa masu ƙaramin ƙarfi nauyi. Cire tallafin fetur da sakin naira a 2023 kuma sun rage ribar fasa-ƙwaurin mai, sun ƙara wa sefa kwarjini a idon ma'aikacin Najeriya.

Tarihin ya nuna cewa alƙiblar ƙaura tana bin zaman lafiya da ƙarfin kuɗi ne, kuma kowace daga ƙasashen biyu ta taɓa zama mai aikawa, ta taɓa zama mai karɓa. Mai karɓa tana samun aiki da araha, mai aikawa tana samun kuɗin cefane da raguwar zaman banza, baitulmalin duka biyun yana asarar haraji, shi kuwa ma'aikacin da ba shi da takarda shi ne yake ɗaukar hasarar duk ranar da aka yi kora ko aka rufe iyaka. Kora biyu da rufe iyaka biyu ba su raba tattalin arzikin ƙasashen ba.